Nazarin lamari: Peugeot 504 mai tafasa a cunkoson Kaduna

Motar da tsarin sanyaya injinta

Motar da wannan nazari ya shafa Peugeot 504 ce ƙirar salun, mai injin fetur na silinda huɗu, cc 1971, wadda aka haɗa a masana'antar Peugeot ta Kakuri cikin shekarun 1980. An fito da 504 a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a nan shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Turai, shi ya sa har yau kayan gyaranta da kanikawan da suka san ta ba su yi wuya a garin ba. Mai motar tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Yawancin zirga-zirgarsa cikin gari ce, sai dai yakan je Zariya a kai a kai, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur yana ƙarewa ne a matsayin zafin da ruwan inji zai kwashe ya kai lagireto. Lagireton wannan mota na tagulla ne da aka haɗa da dalma, mai tanki a sama da tanki a ƙasa, ruwa yana gangarowa ta layi biyu na siraran bututai, iska kuma tana ratsa ganyayyakin ƙarfen da ke tsakaninsu. Faɗin saƙar lagireton, wato wannan sashe na bututai da ganyayyaki, santimita 50 ne, tsayinta 40. Fankar mai faɗin santimita 33 tana kan famfon ruwa a bayan lagireto, fambel ne ke juya ta, saboda haka saurinta yana bin saurin inji. Peugeot ta yi wa motocinta na wancan zamani fanka mai kulocin maganaɗisu, wadda ke kamawa idan ruwa ya yi zafi ta saki idan ya huce, amma a wannan motar an daɗe da ɗaure ta, tana juyawa muddin inji na aiki. Tun lokacin da mai motar ya saye ta akwai gidan fanka a bayan lagireton, wato wani rufi da ke tattaro iskar saƙar gaba ɗaya zuwa bakin fankar, akwai kuma robobi da ke toshe gefunan lagireton.

Gangar jikin injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na alminiyam, kuma ruwa yana taɓa bangon silinda kai tsaye. Inji irin wannan ba ya jure tafasa sau da yawa, domin kan yana iya lanƙwashewa, gaskit ɗin da ke tsakanin kai da gangar jiki ya ƙone.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: karo da gyaran gaba

A watan Nuwamba 2023 motar ta yi ɗan karo da bayan wata motar a hanyar Kawo. Ba wanda ya ji rauni, lagireton ma bai fashe ba, amma ƙarfen da ke riƙe da shi ya lotsa, gidan fanka ya tsage gida biyu. Mai gyaran jiki ya miƙe ƙarfen, ya sake walda mazaunin lagireton, ya yi fenti. Gidan fankar da ya tsage bai koma ba, haka ma robobin gefe, kuma ba a gaya wa mai motar an bar su ba, shi ma bai lura ba.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, wato tsawon hunturu, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Abin da kawai mai motar ya tuna daga baya shi ne ya riƙa ƙara ruwa fiye da yadda ya saba, kuma ruwan rijiyar gidansa yake zubawa kamar yadda yake yi shekara da shekaru.

Maris 2024: farkon tafasa da cire tamostat

Azumi ya kama a ranar 11 ga Maris, bazara kuma ta riga ta shigo. A makon farko na azumin, da yamma gab da shan ruwa, motar ta tsaya cikin cunkoson titin Ahmadu Bello kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Cikin minti 15 allura ta kai ja, tururi ya fito ta ƙarƙashin bonet. Bayan kwana biyu abin ya sake faruwa a wani cunkoson. A kan hanyar Zariya motar ba ta tafasa ba, amma idan gudu ya kai kilomita 100 a awa allurar takan ɗan haura tsakiya, abin da ba ta yi a da.

Bakaniken da ya saba duba motar ya cire tamostat, wato na'urar da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama, bisa ra'ayin da ya yaɗu a garejojinmu cewa na'urar ta ƙasashen sanyi ce. Ya canza tiyon sama da ya fara kumbura, ya sa sabon murfin lagireto da aka sayo a shago, ya ƙara ɗaure fambel. Bayan wannan aiki injin ya riƙa daɗewa bai ɗumama ba da safe, yana sarƙewa idan aka taka shi da wuri. A cunkoso kuwa tafasar ba ta daina ba, lokacinta ne kawai ya ɗan ja, daga minti 15 zuwa kusan 20 idan an fito da motar da sanyinta.

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu: wanke lagireto da ƙara masa kauri

Sai aka kai lagireton wurin masu gyaransa. Suka narkar da dalmar tankin sama, suka bi bututan ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, suka tarar kusan kwata ɗinsu sun toshe da farin dattin da ruwan rijiya ke bari haɗe da tsatsa. Sun kuma wanke ƙurar hunturu da ta cushe tsakanin ganyayyakin. Da aka mayar, allura ta daina haurawa a hanyar Zariya ko da gudu ya wuce 100. A cikin gari babu abin da ya canza.

Ganin haka aka ba da shawarar a ƙara wa lagireton kauri. A farkon Afrilu aka cire saƙar mai layi biyu aka sa sabuwa mai layi uku a kan tsofaffin tankunan, kauri ya ƙaru da kusan santimita ɗaya da rabi, ƙarin kuma ya tafi ta gaba. Wannan shi ne aikin da ya fi cin kuɗi a cikin duk abin da aka yi. A kan babbar hanya allura ta zauna ƙasa da tsakiya. A cunkoson jajibirin Sallah motar ta tafasa cikin lokaci kusan daidai da na baya.

Tsakiyar Afrilu: fankar lantarki a gaban lagireto

Bayan Sallah wani mai gyaran wayoyin mota ya kawo fankar lantarki ta hannu da aka ciro daga wata ƙaramar motar zamani. Da yake babu fili a baya saboda fankar inji, sai ya ɗaura ta a gaban lagireton, tsakaninsa da ragar gaban mota. Fankar asalinta ta zama a baya ce tana jan iska, don haka ya juya wayoyinta biyu domin ta riƙa turawa, bai juya fukafukanta ba. Ya haɗa ta kai tsaye da wayar makulli, ba tare da rile ba, wato makunnin da ke ɗauke wa wayar makulli nauyin wuta.

A cunkoso lokacin tafasa ya ƙaru da 'yan mintoci. A hanyar Zariya allurar ta koma haurawa kaɗan, duk da sabon lagireton. Da dare, idan fitilu suna kunne inji yana sulo, hasken yakan dushe, domin fanka irin wannan tana jan amfiya 10 zuwa 20, tsohuwar altanetar kuma ba ta ba da wuta sosai idan inji bai ɗauki gudu ba. Cikin mako guda fis ya ƙone sau biyu, wayar makullin ta fara yin zafi a hannu.

Ƙarshen Afrilu: awo kafin a sake taɓa komai

A wannan gaɓa ɗan ƙanen mai motar, wanda ya karanta aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya nemi a dakata da sayen kaya a yi awo tukuna. Shi da wani dattijon mai gyaran lagireto suka yi aikin da rana tsaka, zafin gari yana digiri 38, da ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga.

Sun fara da kawar da zargin da ya fi tsada. Da injin yana sanyi suka buɗe murfi suka tayar da shi, ba su ga kumfa na tasowa ba, man inji bai yi fari ba, salansa kuma ba ta fitar da farin hayaƙi, saboda haka gaskit lafiya yake. Suka duba taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, domin taimin da ya yi baya yana ƙara wa inji zafi, suka same shi daidai. Famfon ruwa yana tura ruwa yadda ya kamata.

Daga nan suka cire fankar lantarki suka bar motar tana sulo da bonet a rufe. Cikin minti 20 tiyon sama ya kai digiri 97, na ƙasa 94, ruwa ya fara fita ta bututun ambaliya, sai suka kashe. Bambancin digiri 3 ke nan tsakanin ruwan da ya shiga lagireto da wanda ya fito. Bayan gajeriyar tafiya a hanyar Nnamdi Azikiwe kuwa, awon ya nuna 86 a sama da 77 a ƙasa.

Suka ɗauki fallen takarda suna kusantar da shi gaban saƙar. A tsakiya takardar tana mannewa, a kusurwoyi huɗu faɗuwa take yi. Da suka kunna turaren tsinke suka bi gefunan lagireton da shi, hayaƙin ya nuna iska tana fitowa daga ɗakin inji ta ratar gefe da ta ƙasa, ta zagayo gaba, ta sake shiga saƙar. Iskar da ke gaban saƙar a gefe ta kai digiri 58. Tazarar da ke tsakanin fukafukan fanka da saƙar santimita 7 ce, domin an walda mazaunin lagireton gaba da inda yake a da. A ƙarshe dattijon ya gwada zurfin wuyan lagireton da tsawon murfin da aka sayo a Maris, ya ga robar murfin ba ta kai mazauninta ba, wato tun daga lokacin ruwan ba ya cikin matsi ko kaɗan.

Gyara mataki-mataki

An yi gyaran ɗaya bayan ɗaya cikin kwanakin ƙarshe na Afrilu, ana maimaita gwajin sulo bayan kowane mataki a kusan lokaci ɗaya na rana. Da aka sa murfin da ya dace da wuyan, ruwa ya daina zuba, amma zafin ya ci gaba da hawa har digiri 106 a minti na 25, aka kashe injin.

Sai aka kai awon saƙar wurin wani maƙerin kwano a Panteka, ya lanƙwasa gidan fanka daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, wanda ya rufe bayan saƙar baki ɗaya ya tsuke zuwa zagayen baki mai faɗin santimita 36. An bar ratar santimita ɗaya da rabi tsakanin bakin da ƙarshen fukafukai, saboda inji yana girgiza a kan mazauninsa alhali lagireto yana manne da jikin mota, har ma aka canza robar mazaunin inji guda da ta saki don kada fanka ta daki ƙarfen. An daidaita zurfin yadda rabin faɗin kowane fiffike zai shiga cikin bakin, rabi ya rage a waje. Da wannan zafin ya tsaya a digiri 93 bai ƙara hawa ba har minti 40.

Mataki na uku shi ne toshe gefuna biyu da ƙasan lagireton da roba mai kauri da aka yanka daga tsohon tub na babbar mota. Awon ya sauko zuwa 88 a sama da 79 a ƙasa, takarda kuma ta manne a kusurwoyi huɗu. Daga nan aka mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 75, aka zubar da ruwan rijiya, aka cika da tataccen ruwa kashi biyu da ruwan sanyaya inji mai launi kashi ɗaya. Injin ya koma ɗumama cikin 'yan mintoci da safe, a sulo kuma ya zauna a 89. Fankar lantarki ba ta koma ba, an bar saƙar mai layi uku a wurinta.

Daminar 2024 zuwa bazarar 2025

Ruwan sama ya sauka ba da daɗewa da gama aikin ba, gari ya yi sanyi, saboda haka lafiyar da motar ta yi daga Mayu zuwa Oktoba ba hujja ba ce, haka ma ta hunturun da ya biyo baya, tunda a hunturun farko ma ba ta tafasa ba alhali aibin yana nan. Gwajin gaskiya ya zo ne a Maris da Afrilu 2025. Motar ta shiga cunkoson yamma a titunan da ta tafasa a baya, wani lokaci fiye da rabin awa, allura ba ta wuce tsakiya da yawa ba. Sau ɗaya aka ƙara ruwa ƙasa da rabin lita, sau ɗaya kuma aka hure ƙurar saƙar da iska daga baya zuwa gaba a ƙarshen hunturu.

Abin da ya sa wasu matakan suka gaza, wasu suka yi aiki

Aibi uku ne suka haɗu a motar, kowanne da alamarsa, kuma haɗuwarsu ce ta rikita masu gyara. Toshewar bututai ita ce ta sa allura haurawa a babbar hanya, inda inji ke fitar da zafi mai yawa kuma iska ba ta yi ƙaranci ba, wankin ƙarshen Maris ya magance ta gaba ɗaya. Tafasar cunkoso kuwa ta iska ce. Idan mota ta wuce gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da take karo da ita ta fi wadda fanka ke ja, amma idan ta tsaya fanka ce kaɗai ke aiki, kuma fankar da fambel ke juyawa tana raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarta, domin inji mai juyi 850 a minti bai kai kashi ɗaya cikin uku na mai juyi 3000 ba. Murfin da bai zauna ba ya ƙara dagula lamarin. A tudun Kaduna, kusan mita 600 sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, alhali matsin rabin bar kawai (bar ma'aunin matsi ne) yana ɗaga wannan zuwa kusan 110.

Lissafin fili ya nuna girman asarar gidan fanka. Saƙar tana da murabba'in santimita 2000, zagayen da fanka ke sharewa kuwa 855 ne, ƙasa da rabi. Da tazarar santimita 7 ma ba duka wannan take samu ba, domin iska tana bin hanyar da ta fi sauƙi, kuma ya fi wa fanka sauƙi ta jawo iskar ɗakin inji ta gefenta a kan ta jawo ta cikin ƙananan ramukan saƙa. Gidan fanka yana rufe wannan hanya mai sauƙi, sai ya zama babu inda iska za ta fito sai ta cikin lagireto.

Toshe gefuna ya yi tasiri ne saboda zafin da lagireto ke zubarwa yana bin bambancin da ke tsakanin ruwa da iskar da ke ratsa shi. Ruwa mai digiri 90 da iskar safiyar hunturu mai digiri 20 bambancinsu 70 ne, da iskar bazara mai 38 ya zama 52, da iskar da ta zagayo daga inji mai 58 kuwa ya koma 32. Wannan shi ne ya ɓoye aibin wata uku, ya kuma sa ba wanda ya danganta tafasar Maris da karon Nuwamba.

Cire tamostat bai iya taimakawa ba domin a digiri 97 na'urar da ma a buɗe take gaba ɗaya, aikinta hana inji yin sanyi fiye da kima ne, kuma 'yan mintocin da aka samu na ruwan da ya fara daga sanyi ne. Inji mai kafireta da ke aiki da sanyi yana shan mai, silindarsa kuma tana saurin ci. Layi na uku ma bai dace da matsalar ba. Saƙa mai kauri ta fi tare iska, layin baya kuma yana samun iskar da layukan gaba suka riga suka ɗumama, saboda haka ribarsa tana fitowa ne idan akwai iska mai ƙarfi da za ta ratsa shi. A ganina da an mayar da gidan fanka tun farko, da tsohuwar saƙar mai layi biyu da aka wanke ta wadatar, ko da yake ba a gwada haka ba tunda ta riga ta tafi.

Fankar lantarki ta gaza ta fuska uku. Fukafukai masu lanƙwasa an yi su ne don juyi ta gefe ɗaya, idan aka juya waya kawai iskar tana canza alkibla amma ƙarfinta yana raguwa sosai. Injin da ke juya fankar da ƙafafunta sun tsaya a gaban tsakiyar saƙar suna tare iskar hanya, shi ya sa allura ta sake haurawa a hanyar Zariya, kuma wurin da take hurawa shi ne da ma fankar inji ke ja, kusurwoyin suna nan ba iska. Rashin rile kuma ya ɗora wa wayar makulli nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Wannan ba ya nufin fankar lantarki ba ta da wuri a tsohuwar mota. Wadda aka sa a baya cikin gidanta, da rile da fis da makunnin da ke bin zafin ruwa, tana ba da iska iri ɗaya ko inji yana sulo, kuma ta fi ta gaba inganci idan akwai fili da altanetar da za ta ɗauke ta.

Mai motar yana da niyyar sa mata iyakwandishan. Idan ya yi haka, kwandensa, wato sashen iyakwandishan mai zubar da zafi, za ta zauna a gaban lagireton tana ɗumama iskar kafin ta iso shi, tana kuma ƙara tare ta, don haka awon digiri 89 ba zai tsaya yadda yake ba. Shawarar da aka ba shi ita ce a sa fankar da aka ƙera domin turawa a gaban kwandensar, ta riƙa kamawa tare da kwamfireso ta hanyar rile, a canza altaneta zuwa mai ƙarfi, a toshe ratar da ke tsakanin kwandensa da lagireto ta gefe, sannan a maimaita gwajin sulo na minti 40 a watan Afrilu da iyakwandishan a kunne.